Nasarori Goma Sha Ɗaya na Makau a Ƙwaryar Iska

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya ba ƙafa tafiya, ya ba zuciya kwaɗayin abin da ke bayan tudu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku masu saurare, ku gyara zama, kuma wanda ke da abinci a gabansa ya rufe ya tura gefe, don labarin nan ba ya tafiya da loma.

Sunana Korau ɗan Nabara, mutumin Tudun Kurciya, can ƙarshen ƙasar Marmara, inda hanya ke naɗe dutse kamar igiya a wuyan tulu. Shekara goma sha biyu na yi ina jan mota a wannan hanya, ina ɗauko gishiri daga gangare ina kai wa mutanen kan dutse, ban taɓa buge ko akuya ba. Motata ƙarama ce, tsohuwa, ina ce mata 'Yar Shila. Mutanen garinmu suna cewa babu direba kamata, ni kuma ban taɓa musa musu ba.

Wata rana na ɗauko wani mawaƙi mai yawon duniya. Da ya ga yadda nake shan kwana sai ya yi murmushi ya ce, “Malam direba, hannunka da kyau, amma ba ka ga gudu ba sai ka je Ƙwaryar Iska.”

Na ce, “Mece ce kuma Ƙwaryar Iska?”

Ya ce wani dutse ne da ya taɓa aman wuta a zamanin da, ya mutu, cikinsa ya rufta ya zama kamar ƙwarya. Mutanen wurin suka shafe cikin da kwalta. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, motoci ashirin ke shiga su yi zagaye sittin a jikin bangon, kuma gudu kaɗai ke riƙe su, wanda ya sassauta sai ya gangaro. Ya ce a can akwai wani direba, Makau, wanda ya shiga tseren sau goma sha bakwai: sau goma sha ɗaya ya zo na ɗaya, sau huɗu na biyu, sau biyu kacal bai ƙarasa ba.

Maganar nan ta shige ni kamar ƙaya. In ina cin abinci ina nanata ta, in ina tuƙi ina nanata ta. Na ce wanda ya yi wannan ya san wani abu game da mota da ni ban sani ba, kuma sai na je na durƙusa a gabansa ya koya mini. Na yi sallama da mahaifiyata, na cika 'Yar Shila da fetur da ruwa da garin gero, na nufi gabas.

Bayan kwana tara na iso Hamadar Gilashi. Ƙasar wurin ba rairayi ba ce, gilashi ne shimfiɗe iyakar ganin ido, kana tafiya kana ganin cikin motarka a ƙasa. Da sanyin safiya na ji daɗinta ƙwarai. Rana na ɗagawa sai na fara jin ƙaurin roba, na leƙa na ga tayoyina suna barin baƙin sawu a baya. Can gaba kuwa ga motoci birjik, kowace ta manne a inda tayoyinta suka narke, masu su sun daɗe da zama ƙashi a kan kujera. Na tsaya nan take, na sa jak na ɗaga motar, na tura buhunan garina a ƙarƙashinta har tayoyin suka bar ƙasa, na shige inuwarta na kwanta. Haka na riƙa yi: in yi tafiya da hantsi kafin gilashi ya ɗau zafi, in ɗaga mota, in sake saukewa da la'asar sakaliya. Kwana shida na fita da tayoyina huɗu da safaya.

Daga nan sai Kogin Tsatsa, wanda ruwansa ja ne, kuma duk ƙarfen da ya taɓa shi sai ya zama gari. Ba a ƙetare shi sai a jirgin katako na masu fito. Wata mai sayar da kifi a bakin hanya ta faɗa mini al'adarsu: ba sa karɓar komai sai abu guda daga jikin motarka, su za su zaɓa, kuma sai an sauka a wancan gefen suke zaɓa. Kullum sitiyari suke cirewa, mai mota ya rasa yadda zai yi, ya bar musu ita ya tafi a ƙasa. Na yi mata godiya. Na koma bayan wata kuka na kwance sitiyarina, na naɗe shi da tsumma ya zama kamar gammo, na ɗora tulun ruwa a kai. A gurbinsa na ɗaura murfin tukunyata, na kama sandar da sifana ta ƙasa na lallaɓa har cikin jirgi. Da muka sauka, babbansu ya leƙo, ya dubi murfin ya ce, “Irin na ƙasarku ke nan?”

Na ce, “Shi ne, kuma gadon ubana ne. Ku dubi Allah ku ɗauki fitila.”

Suka yi dariya suka ɓalle murfin suka tafi suna murna. Suna juya jirgi na mayar da sitiyarina, na yi musu ham sau biyu na wuce.

Tun ban hango Ƙwaryar Iska ba na fara jin warinta. Wani irin wari ne, kamar an dafa ruɓaɓɓen nama da baƙin mai. Birnin yana manne a gefen dutsen, gidajensa masu kyau, mutanensa sanye da tufafi masu tsada, ba wanda ya toshe hanci sai ni. A kan kowace katanga akwai ungulu, amma ban taɓa ganin irinsu ba: kowace ta kai tunkiya, ƙiba ta hana su tashi, an rataya musu duwatsun tsakiya a wuya, masu wucewa na gaishe su kamar surukai.

A ƙofar filin tseren akwai wani dogon bango na farin dutse, inda aka sassaƙa sunan duk wanda ya taɓa shiga, da abin da ya yi shekara-shekara. Sunan Makau na sama, da ruwan zinariya, daidai yadda mawaƙin ya faɗa. Na shafa rubutun da hannuna, har na ji ƙwalla. Sai na lura sunaye da yawa a ƙasa layinsu gajere ne, kuma a ƙarshen kowane an zana ɗan tsuntsu. Na tambayi mai gadi ma'anarsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Za ka sani, baƙo,” ya ci gaba da sakace haƙori.

Na iske Makau a zaurensa da azahar. Na zaci zan ga mutum siriri mai kaifin ido. Abin da na gani wani tulin nama ne a kan kilishi, ya tasa kan rago a gaba yana sakatar idon da yatsa, mai na bin gemunsa har ƙirji. Kofunan zinariya goma sha ɗaya na nasarorinsa suna zube a ƙasa. Ɗaya yana tofa kaki a ciki, ɗaya yana zuba ƙasusuwa, wani kuma a bayan ƙofa, daga warinsa na gane abin da ake yi a cikinsa. Duk da haka na durƙusa, na ce a raina ilimi ba ya zaɓen jaka.

Na ce, “Maigida, daga ƙasar Marmara na zo, tafiyar wata guda da kwanaki, don ka koya mini sirrin Ƙwarya.”

Ya yi gyatsa, ya ce, “Sirri? Ka taka totur, kada ka mutu. Miƙo mini ruwa.”

Na zauna a gidansa wata biyu. Na yi masa fifita, na yanke masa ƙumba, na sosa masa bayan da hannunsa ba ya kaiwa. Duk tambayar da na yi masa kan giya ko birki, sai ya ce gobe. Motarsa ma ba ya kusantarta. Ni ya riƙa turawa in zagaya da ita cikin Ƙwarya don kada inji ya kwana, kuma a nan na fara sanin yadda ake hawa bangon nan, yadda jini ke taruwa a ƙafa, sama ta koma gefen kunne.

A garejin filin na yi aboki, wani direba Nagoma, dogo mai sanyin magana, uban 'ya'ya mata uku. Shekara tara yana shiga tseren, bai taɓa wuce na uku ba, alhali da na gan shi yana gwada mota shi kaɗai, na san ban taɓa ganin hannu kamar nasa ba. Na ce, “Ɗan'uwa, kai da wannan hannu, me ke tsayar da kai a na uku?”

Ya duba hagu da dama ya ce, “Ina da 'ya'ya.” Ya ƙara da cewa a dokar garin, wanda sunansa ya hau bango ba ya barin tsere sai ya cika shekara hamsin, saura masa shida.

Ana saura mako guda tsere, Magajin Ƙwarya, wanda filin da birnin ke hannunsa, ya aiko a kira ni. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai ƙamshin turare, yana shafa kan wata ungulu a cinyarsa. Ya ce, “Baƙo, na ga yadda kake juya motar Makau. Za mu ba ka taka, ja, sabuwa. Kana da dangi a kusa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ni da kowa sai uwa, tana can bayan Hamadar Gilashi.”

Ya ce, “Madalla, madalla.”

Na fito ina ji kamar an naɗa ni sarauta. Nagoma da ya ji labari sai fuskarsa ta canza. Ya kama hannuna ya ce, “Korau, jibi ranar gwaji ce, kowa zai yi zagaye ɗaya a auna gudunsa. Don girman Allah ka sassauta. Ka zo na shida, na bakwai. Kada ka tambaye ni dalili a nan, bango na da kunne.”

Na ce to. Amma da na hau jar motar nan, na ji yadda take amsa ƙafa, sai girman kai ya rufe mini ido. Na ce a raina Nagoma tsoron kishiya a fili yake yi, ba ya son baƙo ya sha gabansa. Na taka ta har ƙasa. Da na tsaya, mai shela ya ce shekara ashirin ba a ga zagaye mai sauri irin wannan ba. Jama'a suka yi caa a kaina. Mata suna matsa damtsena suna cewa, “Kai, yana da tsoka.” Wani mutum ya zo da igiya ya auna tsawona daga kai zuwa ƙafa yana murmushi, na zaci rigar girmamawa za a ɗinka mini. Na nemi Nagoma a cikin taron, na hango shi yana tafiya, kansa a ƙasa.

Ranar tsere na riga kowa zuwa gareji da sassafe. Mu direbobin dutse muna da al'ada: ba ma tayar da mota sai mun zagaya mun ƙwanƙwasa kowace taya da sifana mun ji muryarta. Uku suka amsa daidai. Ta gaba ta dama ta amsa da wata murya kamar tulu mai tsaga. Na kwance ta, na sace iskar, na zura hannu ciki. An yanka ta da aska ta ciki, yanka mai tsabta, rabin kaurin robar, yadda ba za ta fashe ba sai ta yi zafi.

Mai kula da tayoyin filin wata tsohuwa ce, Inna Tafada, mai faci, wadda kullum nake gaisarwa tana sa mini albarka. Na same ta zaune a kan taya tana ɓare gyaɗa. Na jefa tayar a gabanta na ce, “Inna, wa ya taɓa wannan?”

Ko kallon tayar ba ta yi ba. Ta ce, “Ni. A zagaye na talatin za ta tashi. Ban taɓa kuskure da fiye da zagaye ɗaya ba.”

Ta miƙo mini gyaɗa, na ƙi karɓa, ta watsa a bakinta.

Ta ce, “Ɗan nan, kana tsammanin mutanen nan gudu suke zuwa kallo? Gudu gajiyar da ido yake. Shekarar da ba a mutu ba, shekara mai zuwa rabin kujeru wayam. Shi ya sa Magaji ya tsara: wanda ya fi kowa sauri ranar gwaji, shi ne ragon shekara. Ya tashi sama, jama'a su yi ihu, ungulaye su ci, sauran direbobi su buɗe wa Makau hanya. Kowa ya samu nasa.”

Na ce, “To nasarori goma sha ɗayan fa?”

Ta fara lissafa su da yatsu masu ɓawon gyaɗa. “Ta farko, Ɗanjiƙa, baƙo ne kamarka. Ta biyu wani mai ido ɗaya, na manta sunansa, ya daɗe yana ƙonewa, mutane har yau suna zancenta. Ta uku da ta huɗu 'yan'uwan juna ne, ƙanen ya zo ɗaukar fansa da gudu. Ta bakwai ɗan yayata ne, Barmo. Na gaya masa ya sassauta, bai ji ba.” Ta tofar da ɓawo. “Sau huɗun da ya zo na biyu, surukin Magaji ne ya so a sa sunansa a bango. Sau biyun da bai ƙarasa ba, ɗaya ya sha ya bugu ya yi barci a kan sitiyari kafin a tashi, ɗaya kuma kan mamacin ne ya faɗo masa a cinya, ya ɓata wandonsa, ya tsaya. A bango an rubuta inji ne ya lalace.”

Na ce, “Ɗan yayarki, Inna? Da hannunki?”

Ta ce, “In ban yi ba wata za ta yi, kuma ba za ta iya daidai ba, sai ta kashe biyar.” Sai ta sassauta murya. “Amma ka ji. Magaji ya gaji da Makau, ya yi nauyi, da ƙyar ake cusa shi a mota. Tun da ka gano da kanka, kai mai wayo ne. Kawo tayar in ɗaura wa motarsa. Yau ya tashi, kai ka ci, a rubuta ka da zinariya. Shekara ashirin kana cin kan rago, ni kuma ina gyara maka hanya.”

Wallahi, ya ku masu saurare, ba zan ɓoye muku ba: sai da zuciyata ta tsaya ta saurari maganar nan na ɗan lokaci. Wannan tsayawar ita ta fi tayar mini da hankali. Na tofar da yawu, na ce, “Allah ya kiyashe ni.”

Ta ɗaga kafaɗa ta miƙe. “Ni dai na yi aikina. Abin da ka yi bayan na juya baya ba ruwana. Amma kada ka ce za ka gudu, an rufe ƙofofi tun asuba.” Ta karkaɗe zaninta ta tafi neman wurin zama mai kyau.

'Yar Shila na nan a kusurwar garejin inda na ajiye ta. Na ciro safayarta, tsohuwar taya mai faci bakwai wadda ta sha dutsen Marmara. Allah ya sa ramukan notinta suka zo daidai da na jar motar. Na ɗaura ta, na shafe ta da baƙin mai don ta yi ƙyalli kamar sabuwa, na sa hular kwano na fita.

Ƙwaryar ta cika maƙil, mutane tun daga leɓenta har inda ido ya gaza. An jera ungulayen a sahun gaba bisa matasai. Mutum huɗu suka ɗaga Makau suka danna shi cikin motarsa. Aka buga ganga, muka tashi.

Ban ga komai ba a zagaye goman farko sai kwalta da sama suna musayar wuri. Tsohuwar tayar tana rawa, sitiyari na dukan tafin hannuna, amma ta riƙe. Ina gaba, ba wanda ya bi ni kusa, duk sun ja baya sun bar mini fili kamar yadda ake barin mai kuturta. A zagaye na ashirin da biyar sai na ji wata murya ta rinjayi ƙarar inji: jama'a ne gaba ɗaya sun miƙe suna ƙirgawa da baki ɗaya. Iyaye sun ɗora 'ya'yansu a wuya don su gani da kyau. A ƙasan Ƙwaryar, dab da kwana ta uku, na ga an wangale wata baƙar ƙofa da ban taɓa ganin ta buɗe ba, mutum biyu na tsaye da ƙugiyoyi da makara, ɗayansu mai igiyar nan ne.

“Ashirin da tara!” in ji jama'a. “Talatin!”

Na wuce. Talatin da ɗaya, na wuce. Ƙirgar ta rikice ta koma gunaguni, gunaguni ya koma zagi. Aka fara jifa da ɓawon kankana da takalma.

Sai wani abu ya faru da ban zata ba. Na duba madubi na ga wata shuɗiyar mota ta fito daga bayan Makau ta wuce shi kamar yana tsaye. Nagoma ne. Ganin baƙo ya tsallake talatin da ransa, shi da wasu biyu suka saki abin da suka shekara tara suna dannewa. Kafin zagaye uku ya iso gefena. Na juya na gan shi yana dariya, haƙoransa duka a waje, kamar yaron da aka sako daga makaranta. Zagaye goma muka yi ni da shi, ya wuce ni a sama in wuce shi a ƙasa, taya na shafar taya. Abin da na baro garinmu nema, a waɗannan zagaye goma na same shi, daga hannun mutumin da na zarga da hassada. Jama'a kuwa ba su ga komai ba. Suna ta buga ƙafa suna cewa, “Jini! Jini!”

A zagaye na arba'in da biyar na sha gabansa da tsawon mota biyar. Ina fitowa daga kwana ta biyu na ɗaga ido, na ga dogaran Magaji a leɓen Ƙwarya bisa kwana ta uku, sun kwantar da duro huɗu, baƙin mai na gangarowa a kan kwalta kamar an yanka dare. Ni kaɗai ke iya ganinsa daga inda nake, na baya motata ta tare musu. A ƙasa kuma, kafin man, ga baƙar ƙofar nan har yanzu a buɗe tana jiran gawata.

Ham ɗin yana ƙarƙashin babban yatsana. In na danna, Nagoma zai ɗaga ido. In na danna, masu ƙugiya ma za su ɗaga ido su ga na nufo su, su tura ƙofa. Ban danna ba. Na karya sitiyari ƙasa, motar ta gangaro daga bango tana kuka, masu makara suka watse, na afka cikin ƙofar.

Rami ne dogo mai duhu, ƙasansa santsi da abin da ba na son in sani. Ya fitar da ni bayan dutsen, cikin wani kwari inda suke zubar da abin da ya rage. Motoci ƙonannu tuli-tuli, da hulunan kwano, da ƙasusuwa, wasu da sauran tsumma a jiki. Ungulayen da ba su samu kujera ba suna kwance a hanya, sun kasa ko matsawa, na bi ta kansu suna fashewa a jikin gilashi. Ina cikin kwarin nan na ji wata ƙara daga cikin Ƙwarya, sannan wata, sannan wata. Bayansu sai ihun murna, irin wanda ban taɓa jin kamarsa ba, har ƙasa na rawa.

Ban tsaya ba sai da fetur ya kusa ƙarewa, a bakin wani rafi. Na wanke motar, na wanke jikina sau uku da yashi, warin bai fita ba. A nan na zauna har washegari, ban iya sa komai a baki ba.

Da hantsi wani falke ya iso da jakunansa daga wajen birnin, ya sauka shayar da su. Na riga na tura motar bayan duhuwa, bai san ko ni wane ne ba. Ya yi sallama, fuskarsa cike da annuri, ya ce, “Bawan Allah, ba ka je tsere ba? Kai, ka yi asara! Shekara talatin ina zuwa, ban ga irin na bana ba. Uku a tashi ɗaya! Makau ya lallaɓo a hankali ta gefen man ya ci abinsa.”

Na ce, “Su wa suka mutu?”

Ya ce, “Nagoma da wasu biyu. Nagoman nan sai da ya yi juyi bakwai a sama. Matarsa na wurin, ka ji kururuwa!” Ya zura hannu a jakarsa ya ciro wani abu naɗe da ganye. “Dubi abin da na tsinta, har gabana ya faɗo. Zan kai wa yara su gani.” Safar hannu ce ta fata, rabinta a ƙone, kuma ba wayam take ba. “Nasa ne. Ai Magaji da kansa ya ce a gode wa baƙon nan da ya tsere. Ba don shi ba, da ɗaya kawai za mu samu.”

Na juya na yi amai har sai da ba abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci. Falken ya tsaya yana yi mini sannu, yana tambaya ko wani abu na ci.

Da na samu numfashi na ce, “Malam, ka ba ni wannan, in ba ka abin da ya fi shi.” Na kai shi bayan duhuwa na nuna masa jar motar. Ya dube ta, ya dube ni, bakinsa ya buɗe. Na karɓi ƙunshin daga hannunsa kafin ya yi magana, na ce ya kwashe motarsa da jakunansa ya ɓace mini da gani.

Na wanke hannun Nagoma a rafin, na yage gefen rigata na naɗe shi. Na haƙa rami da sifana a gindin wata tsamiya, na fuskanci alƙibla ni kaɗai na yi masa salla, na rufe, na jera duwatsu masu nauyi a kai yadda ko ungulu ɗari ba za su tone ba. Sannan na ɗauki hanyar yamma da ƙafa.

Iyakar abin da na gani ke nan a Ƙwaryar Iska, ban ƙara ba, kuma ban rage ko abin da ya shafe ni ba. Wanda ya ji, in zai yi addu'a, ya fara da Nagoma da 'ya'yansa uku, in ta yi saura ya sa da ni.